Kai yara gaida tsofaffin dangi: me za a bari su ji, me za a jinkirta?

Baban Ummi, Kaduna:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun bayan ƙaramar Sallah, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni gogewa a kansa. Kashegarin Sallah na ɗauki yarana uku muka tafi Kano gaida Goggo, yayar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan kakanmu. Ba ta san shekarar haihuwarta ba, amma takan ce tana goyon ɗanta na fari Sarauniyar Ingila ta zo, wato 1956 ke nan, saboda haka ta haura tamanin da biyar. Rabon da in kai mata yaran tun ƙaramarsu tana hannu, kuma wannan sakacina ne, ba na kowa ba.

Farkon zaman bai yi armashi ba. Babban ya gaishe ta a tsaye, sai da na dube shi sannan ya durƙusa, ƙaramar kuwa ta maƙale a jikina ta ƙi zuwa. Ummi, mai shekara goma, ita ce ta matsa kusa, ta daɗe tana kallon fuskar tsohuwar, sannan ta tambaye ta wa ya yanke ta a kumatu. Na buɗe baki zan kwaɓe ta ke nan, sai Goggo ta ɗaga mini hannu, ta kama yatsan yarinyar ta bi da shi a kan zanen tun daga gefen baki har kusa da kunne, ta ce mata wannan ba yanka ba ne, shaidar gidanmu ce. Daga nan ta shiga ba da labari cewa mahaifinta Bagobiri ne, daga ƙasar Sabon Birni ya taso da ƙuruciyarsa ya zo Kano neman karatu, ya zauna a zauren wani malami shekara da shekaru, har malamin ya aura masa 'yarsa. Shekarata 44 a duniya, amma wallahi ban taɓa jin wannan ba. Mahaifina ba a yi masa zanen ba, bai kuma kasance mai yawan magana ba, har Allah ya karɓi ransa ina ɗaukar kaina Bakano kaka da kakanni.

Yaran nan uku duka suka nutsu, har babban ya ajiye wayarsa ba tare da an ce masa ya ajiye ba. Amma da Ummi ta tambayi dalilin da ya hana kakan namu komawa garinsu, sai Goggo ta yi shiru, ta dubi yaran, ta dube ni, ta ce wannan sai wani jiƙon, ta kira a kawo musu fura.

Tambayoyina ke nan. Yaya ake shirya yara don irin wannan ziyara ta yi amfani? Shin ya dace in matsa in ji abin da ta ɓoye, kuma idan na ji, in gaya wa yara? Sannan ɗaukar muryarta a waya ya dace, ko rashin ladabi ne?

Malama Inna, Zariya:

Wa alaikumus salam Baban Ummi. Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa Goggo lafiya. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kuma abin da na lura shi ne yaro ba ya riƙe tarihi idan an zaunar da shi an ce yau za a ba shi tarihi. Ka duba yadda naku ya faru: ba wanda ya shirya shi, yarinya ce ta ga abu da idonta ta taɓa da hannunta. To, ta nan ake shiga. Ɗakin kowace tsohuwa cike yake da irin waɗannan ƙofofi. Akwai adakar da ke ƙarƙashin gado, akwai kwalla da tasoshin jerenta, akwai mazari idan ta taɓa kaɗi, wani lokaci har da kwabo mai huda a ƙulle a bakin tsumma. Ni mahaifiyata ba ta iya ba da labari idan an ce ta bayar, amma ranar da jikanta ya tsinci wani tsohon sule a cikin adakarta, sai da ta kai mu har la'asar tana lissafa masa cewa kwabo goma sha biyu ne sule, sisi kwabo shida, taro kwabo uku, sule ashirin fam guda, da abin da kowanne yake saya a kasuwar ƙauyensu, da yadda aka sha ruɗani a 1973 da aka ce fam ɗaya ya koma naira biyu.

Abu na biyu, kada ka tambayi tsoho shekara, domin ba da lamba suke ajiye zamani ba. Ka tambaye shi abin da yake yi lokacin da wani abu ya faru, kai kuma ka sa lambar a gida. Samun 'yancin kai 1960 ne, kisan Sardauna Janairun 1966, yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, canjin hannu na tuƙin mota 1972, babban fari 1973, kisan Murtala Fabrairun 1976. Idan ta ce an yi wa wance aure damina biyu bayan kisan Sardauna, ka sami shekararka. Wannan aikin ma yaran za ka ba, musamman babban, domin yaro mai tasowa yana son a ba shi abin da zai warware da kansa.

Sai kuma sunaye. Ka ce Ummi, na tabbata sunan mahaifiyarka aka mayar mata. Ta san haka? Ta san dalilin da ya sa ba ka kiran sunanta na yanka? Ka sa Goggo ta bi musu sunayen gidan ɗaya bayan ɗaya, wane ne Tanko kuma mata nawa ya biyo, wace ce Kande, wane ne Gambo kuma ina tagwayen da ya bi, wa aka haifa da azumi, wa aka haifa da marka. A cikin sunayen nan kaɗai rabin tarihin gida yake.

Game da gaisuwa kuwa, tun a mota ake koyar da ita, ba a gaban tsohuwar ba. Yaron da aka kunyata a gaban mutane ba zai so komawa gidan ba.

Malam Na Zaure, Katsina:

Madalla da wannan magana. Ina so in ƙara da abin da addini ya ce, domin a san cewa abin ba al'ada kaɗai ba ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Anas ɗan Malik, cewa wanda yake son a yalwata masa arzikinsa a kuma tsawaita masa kwanansa, to ya sada zumuncinsa. Tirmizi kuma ya ruwaito umarnin mu nemi sanin nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. A lura da wannan ƙaidin. Ba a ce a san nasaba don a yi taƙama ba, hasali ma a Muslim an lissafa alfahari da asali da sukar nasabar wani a cikin al'amuran jahiliyya, aya ta 13 ta Suratul Hujurat kuma ta bayyana cewa an yi mu dangi-dangi da ƙabilu ne don mu san juna, mafi daraja shi ne mafi taƙawa.

Akwai wata tambaya da mutane suke mantawa su yi wa tsofaffin mata, alhali hukunci ya rataya a kanta, ita ce wa ya shayar da wa. Shayarwa tana haramta abin da nasaba take haramtawa, kuma aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta ambaci iyaye mata da 'yan'uwa mata na shayarwa a cikin waɗanda aka haramta aure da su. A gidajenmu na da, idan mace ta rasu ta bar jinjiri, ko nononta ya ƙafe, kishiya ko matar wa ko maƙwabciya takan karɓa ta shayar, ba a rubuta a ko'ina ba, maza ma sau da yawa ba su sani ba. Da tsohuwar da ta sani ta kwanta dama, an rufe maganar ke nan, mu kuwa mutane ne masu auren zumunci. Saboda haka, Baban Ummi, wannan tana cikin farkon abin da za ka tambayi Goggo, tare da maganar gonaki da filaye, wanne gado ne, wanne aro ne, wanne jingina.

Amma abin da ta ɓoye, ban ga ya kamata ka matsa mata ba. Ta ce sai wani jiƙon, ba ta ce babu ba. Ka koma kai kaɗai, ka zauna, ka yi shiru.

Maman Walid, Abuja:

Allah ya gafarta Malam, ban ƙi ko ɗaya daga cikin abin da aka faɗa ba, amma ina roƙon a ba ni dama in kawo ɗaya gefen, domin kowa yana magana kamar duk abin da ya fito daga bakin tsoho alheri ne ga yaro, ni kuwa abin da na gani ya bambanta.

Shekara biyu da suka wuce na kai yarana garin mahaifinsu, muka shiga gaida wata kakarsu. Ta karɓe su hannu bibbiyu, ta yi musu wasan jika, tana kiran namijin angonta, macen kuma kishiyarta, suna ta dariya. Ana cikin haka sai wasu yara daga sashen ƙofar gida suka shigo, waɗanda yarana suka yini suna wasa da su, suna kiransu 'yan'uwa. Sai tsohuwar ta nuna su ta ce wa ɗana kada ya yarda su raina shi, domin kakansu bawan gidan nan ne, kakansa ne ya saye shi. A gabansu ta faɗa. Na ga yadda babbar cikinsu, wadda ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ta sunkuyar da kai ta ja ƙannenta suka fita. Muna dawowa gida na ji ɗana yana maimaita kalmar nan ga ƙanwarsa a cikin faɗa. Na yi watanni ina ƙoƙarin cire masa ita a baki.

Ban da wannan, akwai tsofaffin da labarinsu duka na kishi ne da gaba: wance ta yi wa wance asiri, ɗakin wance ne suka cinye gadon ɗakinmu. Mutanen da aka yi rigimar da su sun mutu, amma ana so a ɗora wa yaro ɗan shekara tara ya ci gaba da ita. Sannan duk zuwa sai an yi wa yaran gorin cewa Hausarsu ta karye, an ce uwarsu ta mayar da su Turawa, ba a duba cewa kuɗin mota ya ninka tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma hanyar ma da addu'a ake binta. Ni yanzu ina kai su, amma ba na barinsu su kaɗai a ɗakin, kuma ba na jin kunyar cewa an kira sallah mu tashi idan na ga inda maganar ta dosa.

Malama Inna, Zariya:

Maman Walid, wannan abu ya taɓa ni, musamman yarinyar nan da ta sunkuyar da kai. Kin yi daidai da kike zama a wurin. Ni ma ban ce a sauke yara a ƙofar ɗaki a tafi ba. Sai dai game da gorin Hausa, ina ganin a daure, domin ko da yake yana da zafi, zaman da suke yi da tsofaffin shi ne maganinsa. Kalmomi irin su tsaba, da ƙaiƙayi, da sussuka, da shiƙa, da bakace, ba a gidan bene za su ji su ba.

Baba Mai Ritaya, Kano:

'Yata Maman Walid, na karanta bayaninki har sau biyu. Ni na haura saba'in, saboda haka ina cikin tsofaffin da ake magana a kansu, kuma ina so in ce abin da tsohuwar nan ta yi kuskure ne babba, ko da kuwa a zamaninta ba a ɗauke shi komai ba. Amma ban yarda maganinsa shi ne a rufe maganar bauta gaba ɗaya ba, domin yaron zai ji ta wata rana, kuma gara ya ji ta daga bakin wanda zai gaya masa gaskiyarta.

Gaskiyar kuwa ita ce bauta ta yi yawa a ƙasar nan, ba gida ɗaya ko biyu ba. Akwai rumada inda bayi suke noma wa masu sarauta da attajirai, akwai cucanawa waɗanda aka haifa a cikin bautar, akwai murgu inda bawa yake biyan ubangidansa wani abu don a bar shi ya yi sana'arsa, akwai fansa. Mutane da yawa da aka kama 'ya'ya ne a garuruwansu, hari ne ya faɗa musu suna gona ko suna hanya. Turawa sun yi shela cewa duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma ba a soke bautar baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ku lissafa ku gani, jiya-jiya ne. Kuma wanda yake taƙamar kakansa ya sayi bawa, idan ya bi nasa salsalar da kyau ta wajen uwaye, sau da yawa zai tarar da kuyanga ko ƙwarƙwara a ciki, har a manyan gidajen sarauta.

Ni abin da nake yi da jikokina shi ne ina raba labari gida uku a zuciyata. Akwai wanda nake ba kowa, kamar yadda muka ga dalar gyada da idonmu a Kano, da yadda mahaifina yake ba mu labarin kawunsa da aka ɗauka soja aka kai ƙasar Bama, wato Burma, a yaƙin duniya na biyu. Akwai wanda nake jira sai yaro ya yi hankali, kamar maganar bauta, da saki, da rigimar gado, kuma idan zan faɗa nakan faɗi har da laifin namu ɓangaren. Akwai kuma wanda zan tafi da shi kabari, domin sirrin wani ne, ba nawa ba, kuma faɗinsa ba zai mayar wa kowa haƙƙinsa ba. Inda duk akwai haƙƙin wani a ciki, to wannan ba ya shiga kashi na uku, dole a faɗa wa manya tun ana da rai.

Maman Walid, Abuja:

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Da a ce haka aka gaya wa ɗana, da ban yi kuka ba. Abin da ya dame ni shi ne an ba shi labarin a matsayin sanda, ba a matsayin ilimi ba. In sha Allahu idan ya ƙara shekara biyu zan zaunar da shi tare da mahaifinsa mu yi masa wannan bayanin, kuma ina so idan mun koma garin ya fara shiga sashen yaran nan ya gaida iyayensu kafin ko'ina.

Jikan Fatake, Kumasi:

Gaisuwa daga Zango. Ina karanta ku ina jin wani abu a ƙirjina, domin ku kuna da Goggon da za ku hau mota ku je ku tambaya, mu kuwa tamu ta wuce. Kakan mahaifina falke ne, yana cikin ayarin da suke tasowa daga ƙasar Hausa da jakuna, ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi na rini, su zo Gwanja su sayi goro su koma. Salaga ce babbar kasuwar a lokacin, bayan rikicin da ya watsa ta a 1892 ne mutane suka bazu zuwa Kumasi da sauran garuruwa. Shi bai koma ba, ya yi aure a nan, mu ne zuriyarsa.

A ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar Gana. Gidanmu ya rabu biyu: ƙannen kakana biyu suka kwashi iyalansu suka nufi Najeriya, ƙasar da ba su taɓa gani ba, kakana ya zauna. An yi ta aiko da saƙo ta hannun 'yan goro na wasu shekaru, daga baya shiru. Kakata ta san sunan garin da suka sauka, ta san sunan unguwar da kakanmu na farko ya fito, ta san har kirarin da ake yi wa madugunsu. Ina yaro takan fara faɗa da dare, ni kuwa hankalina yana wurin ƙwallo. Ta rasu ina da shekara goma sha tara. Yau abin da ya rage a hannuna kalma ɗaya ce, wai mu mutanen Kano ne, Kano kuwa ba ƙauye ba ce da za ka tsaya a bakin kasuwa ka yi cigiya.

Saboda haka, ɗan'uwa Baban Ummi, game da ɗaukar murya, ni ina cewa ka ɗauka, kada ka jira wata Sallar. Ka nemi izininta, ka gaya mata don jikokinta ne. Kuma ka tambayi sunayen wurare dalla-dalla: ƙauye, unguwa, sunan mai unguwar lokacin, sana'ar gidan, wa suke wasa da su. Da waɗannan ake neman dangi, ba da sunan babban gari ba.

Goggon Yara, Sakkwato:

Ina goyon bayan a ɗauka, amma da sharaɗi. Tsofaffinmu mata da yawa sun yi rayuwarsu a cikin kulle, ba za su so muryarsu ko hotonsu ya yi ta yawo a wayoyin mutanen da ba su sani ba. Na ga inda aka ɗauki wata tsohuwa tana ba da labarin aurenta na fari, wani yaro ya tura a WhatsApp na dangi, kafin dare ya kai ga 'ya'yan mutumin da ta ambata, aka kwana ana ba da haƙuri. Kada a ɗauka a ɓoye, kada a tura wa kowa sai da yardarta, kuma a kwafe muhimman abubuwan a littafi da biro, domin waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, littafi kuwa yana zama a adaka shekara hamsin.

Ma'aikaciyar Jinya, Gusau:

Ni ta ɓangaren lafiya zan yi magana a taƙaice. Mai shekara tamanin da ɗoriya yana gajiya da sauri ko da bai nuna ba, domin kunya da murna suna hana shi cewa a tafi. Zuwa da hantsi, bayan ta karya ta sha maganinta, ya fi zuwa da yamma, musamman ga wanda gigin tsufa ya fara taɓawa, domin su ruɗewarsu takan ƙaru idan rana ta yi sanyi. Irin waɗannan sukan manta abin da suka ci da safe amma su tuna waƙar da aka yi musu ranar kamu, saboda haka a tambaye su abin da ya daɗe, kada a yi ta gwada su da cewa kin gane wannan, wane ne wannan. Kowa ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da kansa. A kuma gaya wa yara tun a gida cewa idan Kaka ta maimaita labari sau uku, ba abin dariya ba ne. Yaron da yake mura ko tari ko ƙyanda a bar shi a gida, domin abin da yaro zai warke a kwana uku yana iya kwantar da tsoho.

Sannan a cikin tarihin da ake tambaya a sa da na cututtuka. Idan tsohuwa ta ce wance ta haifi takwas, biyar sun koma tun suna ƙanana da ciwon ƙashi da kumburin hannu, to wannan abin lura ne, domin yana iya zama sikila. Idan uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar. Gidan da ake auren zumunci ya kamata ya san wannan, a yi gwaji tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Ɗan Maraɗi:

Baban Ummi, ashe kai namu ne. Idan za ka faɗa wa yaranka asalinsu, ka haɗa musu da wannan: bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Gobirawa sun yi ta ƙaura har suka kafa Tibiri, nan kusa da Maraɗi, kuma daga can ne wasu suka balle suka kafa Sabon Birni. Wato danginku ba su tsaya a iyakar Najeriya ba, da wuya a ce ba ku da jini a wannan ɓangaren. Mu nan kusan kowane gida yana da kawu ko goggo a Katsina ko Jibiya ko Sabon Birni, shi ya sa rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya yi mana ciwo ƙwarai, an yi rasuwa da yawa da ba a sami zuwa gaisuwa ba. Ka kuma gaya musu cewa Yarbawa abokan wasansu ne, za su ji daɗin wannan a makaranta.

Baban Ummi, Kaduna:

Assalamu alaikum. Na yi shiru kwana biyu ne domin na bi shawarar Malam, na koma Kano ranar Asabar ni kaɗai. Na isa da hantsi kamar yadda 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya ta ce, na kai mata goro da turare, na zauna a bakin gadonta ban tambaye ta komai ba. Mun yi kusan sa'a guda muna hirar ciwon ƙafarta da tsadar gero, sannan ita da kanta ta ce in tura ƙofa.

Ashe kakanmu ya yi aure a garinsu kafin ya zo Kano, har an haifa masa 'ya mace. Saɓani ya shiga tsakaninsa da baffansa wanda ya riƙe shi, aka raba auren ba da son ransa ba, ya yi fushi ya fito, ya rantse ba zai sake taka garin ba, kuma bai taka ba har ya rasu. Goggo ta ce sau ɗaya tak ta ga wannan yayar tasu. Ta zo Kano za ta hau jirgi zuwa Makka, shekara guda bayan kisan Murtala, wato 1977, ta yi ta cigiya har aka kawo ta gidan, ta tarar mahaifin nasu ya riga ya rasu. Ta kwana biyu, suka yi kuka tare, ta bar wa Goggo wani zoben azurfa. Goggo ta sa na jawo adaka, ta kwance wani ƙullin tsumma ta nuna mini shi, ya yi baƙi saboda daɗewa. Ta ce lokacin da aka raba gadon gidan ba a fitar wa wannan baiwar Allah ko anini ba, kuma abin yana hana ta barci.

Ta yarda na ɗauki muryarta, da sharaɗin ba zan tura wa kowa ba sai ƙannena biyu. Ta faɗi sunan yayar, da na mijinta, da sunan ƙauyen, na rubuta su a littafi, amma ba zan sa su a nan ba. Na tambaye ta maganar shayarwa, ta lissafa mini mutum uku da ban taɓa zato ba. Hanyar yankin Sabon Birni ba ta da tsaro yanzu, saboda haka zan fara da Gobirawan da suke kawo hatsi kasuwar Dawanau, ko Allah zai sa a sami wanda ya san gidan. Ɗan Maraɗi, zan neme ka ta gefe. Malam Na Zaure, zan buƙaci a yi mini lissafin rabon da ya kamata a fitar mata, domin gidan yana nan, kuma na riga na yi magana da ƙannena sun amince.

Yaran kuwa ban gaya musu maganar saɓanin ba tukuna. Da zan taho Goggo ta ce idan an yi hutu in kawo mata kishiyarta ta kwana biyu a ɗakinta, domin ita take so ta nuna mata zoben da hannunta, ta gaya mata cewa tana da wata kakar da ba ta sani ba. Ummi ta riga ta sa na saya mata littafi mai bango mai kauri, ta rubuta sunan kakanmu a saman shafin farko, ta bar layi biyu a ƙarƙashinsa, domin na ce mata akwai sunan da Goggo za ta faɗa mata a rubuta kafin nata.